Sallah da Hajji a Lokacin Annoba: Abin da Aka Sauya, Dalilin Sauyawa da Abin da Ya Biyo Baya

Ƙaramar Sallar shekarar 2020 ta faɗo ranar Lahadi, 24 ga Mayu, a Najeriya, amma kowane gari da irin yadda ya yi ta. A Kano an fita Idi, sai dai Sarki bai hau ba. A Kaduna ko Idin ma ba a fita ba. A Abuja kuwa, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi sallarsa a cikin fada tare da iyalinsa, aka kuma soke gaisuwar Sallah da manyan gari suka saba kai masa. Da Zulhajji ya kama, filin Arfa da ya ɗauki mutum kusan miliyan 2.5 a 2019 sai ga shi da 'yan tsirarun alhazai, dukkansu mazauna Saudiyya.

Shekaru sun shuɗe, amma tambayoyin da aka yi ta jefawa a majalisu da tashoshin mota a lokacin ba su sami amsa ɗaya ba har yau. Hana taro daidai yake da hana ibada? Wanda ya ji tsoron cuta, imaninsa ne ya yi rauni? Me ya sa aka bar kasuwa tana ci a wasu ranaku alhali masallaci yana rufe? Tun da babu tabbacin korona ce annoba ta ƙarshe, ya dace a baje batun dalla-dalla.

Kalmomin da ya kamata a fayyace

Annoba ita ce cutar da ta ɓarke ta kama mutane da yawa cikin ɗan lokaci fiye da yadda aka saba gani, kamar sanƙarau a bazara ko amai da gudawa da damina. Idan ta tsallaka ƙasashe da nahiyoyi, sai a kira ta annobar duniya. Wannan matsayi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba korona ranar 11 ga Maris, 2020. Korona kalmar aro ce daga Latin, ma'anarta kambin sarauta, saboda 'yan tsinkayen da suka kewaye ƙwayar cutar. Sunanta a hukumance COVID-19, lambar 19 kuwa tana nuni da 2019, shekarar da aka fara gano ta a birnin Wuhan na ƙasar Sin.

Killacewa iri biyu ce: keɓe wanda gwaji ya tabbatar ya kamu, da tsare wanda ya yi cuɗanya da mai cutar na kwana 14 don a ga ko alamu za su bayyana. Kulle ya fi wannan faɗi, domin shi doka ce da ke hana gari gaba ɗaya fita, da mai lafiya da mara lafiya. Sanitaiza, wadda ita ma aro ce, man goge hannu ne mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

A ɓangaren addini akwai larura, wato matsin da ke sa a sassauta hukunci, da rangwame, wato sauƙin da shari'a ke bayarwa saboda larurar. Tawakkali kuma, a bayanin malamai, dogaro ne ga Allah tare da riƙo da sababi. Sai bambanci tsakanin ibada da al'ada, wanda mafi yawan ruɗanin daga nan ya taso. Sallar Idi, zakkar fidda kai da layya ibada ne. Hawan Sallah, yawon Sallah, tashe da ɗinkin sababbin kaya al'ada ne, duk da cewa sun shiga jinin mutane har ba a ganin Sallah ta cika sai da su.

Yadda abin ya faro

Najeriya ta sami mutum na farko mai cutar a ƙarshen Fabrairun 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A daidai wannan lokacin Saudiyya ta dakatar da masu zuwa Umara daga waje. Nijar ta tabbatar da nata na farko ranar 19 ga Maris. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ghana ma ta kulle Accra da Kumasi, Ogun kuma ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Kiristoci ne suka fara ɗanɗana bikin kulle, domin Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu, coci-coci da dama a rufe.

A Kano an sami mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, azumi ya kama ranar 24 ga wata, kwana uku bayan haka gwamnatin tarayya ta sa wa jihar cikakken kulle. Makonnin nan ne birnin ya ga mace-macen da suka girgiza jama'a, musamman na dattawa, ciki har da malaman jami'a da masu sarauta. A watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mamata 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana kyautata zaton korona ce sanadinsu.

Ranar 22 ga Yuni Saudiyya ta sanar cewa ba wanda zai shigo daga waje don aikin Hajji. Kujeru 95,000 da aka saba ba Najeriya suka tashi a banza a shekarar, haka ma na Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan.

Me ya sa bukukuwa suka shiga cikin doka

Dalili na farko yana cikin yadda cutar ke yaɗuwa. Tana bin numfashi, tari, atishawa da magana, ta fi kuma samun dama a cunkoso da wurin da iska ba ta ratsawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mutum zai iya ɗauke da ita yana yaɗawa ba tare da ya ji ko ciwon kai ba. Ke nan cewa mara lafiya ya zauna a gida bai wadatar ba.

Na biyu, tsarin Sallah kansa. Ma'aikaci daga Legas, ɗan kasuwa daga Fatakwal, ɗalibi daga Zariya, kowa ya nufi gida, kuma wurin da ake fara zuwa gaisuwa shi ne ɗakin tsofaffi, waɗanda su ne cutar ta fi yi wa illa, tare da masu ciwon sukari da hawan jini. Hajji kuwa yana tara mutane daga kusan kowace ƙasa, su kwana tanti ɗaya a Mina, sannan su watsu cikin makonni kaɗan.

Na uku, ƙarancin kayan aiki. A farkon annobar ɗakunan gwaji ƙalilan ne a faɗin Najeriya, gadajen kulawa ta musamman da iskar taimaka wa numfashi ma haka. Babu riga-kafi, babu tabbataccen magani. Rage haɗuwar jama'a shi ne kusan abin da ya rage a hannun hukuma.

Ba wannan ne karon farko ba

Littattafan tarihin Musulunci sun kawo labarin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Sayyidina Umar yana kan hanyar zuwa can ya sami labari, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da tawagarsa. Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal suna cikin waɗanda suka rasu a wannan annoba. Hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya kuma hana na ciki fita, shi ne hujjar da aka tsaya a kanta.

A 1865 kwalara ta kashe dubban alhazai a Makka, ta bi masu komawa gida har Masar da Turai. Bayan haka ne aka kafa wuraren killace alhazai, irin na tsibirin Kamaran a tekun Bahar Maliya. Ɓarkewar sanƙarau a Hajjin 1987 ce ta sa allurar sanƙarau ta zama sharaɗi, wadda maniyyata ke karɓa har gobe ba tare da gardama ba. A 2014 an hana mutanen Gini, Laberiya da Saliyo zuwa Hajji saboda Ebola. Abin da ya bambanta 2020 shi ne faɗin dokar, domin ta haɗa duniya baki ɗaya a lokaci guda.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Ɓangare na farko ya goyi bayan dakatar da taro. A cikinsa akwai majalisar manyan malaman Saudiyya, jami'ar Azhar ta Masar, da shugabannin addini na Najeriya ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, waɗanda suka nemi a dakatar da tarukan tafsiri da jam'in tarawihi. Hujjarsu ita ce kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Sun tunatar cewa ko ruwan sama mai ƙarfi uzuri ne na yin salla a gida. A mazhabar Malikiyya, sallar Idi sunna ce mai ƙarfi, wanda bai samu jam'i ba yana iya yin raka'a biyunsa a gida ba tare da huɗuba ba. Hajji kuma bai wajaba sai da iko, amincin hanya yana cikin ikon.

Ɓangare na biyu ya ce lokacin masifa ne aka fi bukatar masallaci, kuma ana iya buɗe shi bisa sharuɗɗa: wanke hannu, takunkumi, taƙaita huɗuba. Wannan hanya gwamnatin Kano ta bi a Ƙaramar Sallah, ta yarda da Juma'a da Idi, ta hana hawa da sauran shagulgula. Kaduna ta ɗauki akasin haka. Jihohi biyu maƙwabta, mutane iri ɗaya, mazhaba ɗaya, hukunci biyu. Wannan ya ƙara wa talaka ruɗani.

Ɓangare na uku bai yarda akwai cutar ba sam, ko kuma yana ganin hanyar cin kuɗi ce. Wannan shakku yana da tushe a tarihi. Kanawa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma a 2003 jihar ta dakatar da allurar shan inna saboda zargi. Abubuwan da suka faru a 2020 ma ba su taimaka ba. Cunkoson da aka gani a jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya sa kwamitin yaƙi da cutar ya ba da haƙuri. A tsakiyar Afrilu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta kulle, adadin da ya zarce waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe zuwa lokacin. A Nijar, rufe masallatai da dokar hana fitar dare sun jawo tarzoma a Yamai gab da azumi, har gwamnatin Mahamadou Issoufou ta buɗe wuraren ibada ranar 13 ga Mayu.

Game da buɗe kasuwa, amsar hukuma ita ce salla tana yiwuwa a gida, amma hatsi ba ya kawo kansa. Masu suka suka ce tattara cefanen mako guda cikin 'yan sa'o'i ya haifar da cunkoson da ya fi na kowace Juma'a. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya. Idan aka duba da kyau, gardamar fiƙihu ba ta kai ta yarda da hukuma da ta abinci zafi ba.

Yadda aka sake shiri

Tafsiri ya koma rediyo, talabijin, Facebook da YouTube. Malamai suka riƙa zama da alaramma da mai ɗaukar hoto kaɗai. Magidanta da yawa suka limanci tarawihi a tsakar gida, mata da yara a bayansu. Gaisuwar Sallah ta koma kiran waya da saƙon murya a WhatsApp, goron Sallah ya koma tura kuɗi ta banki ko katin waya. A Ghana, inda haramcin taro ya kai har Sallah, Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya nemi jama'a su yi salla a gidajensu, sai a farkon Yuni aka buɗe wuraren ibada da sharaɗin kada a wuce mutum 100. Ɗaurin aure ya koma na waliyyai da shaidu, an ɗage biki ko an bar shi ɗungurungum.

Hajjin 2020 ya zama abin kallo. An gwada alhazai an killace su kafin a fara aiki, suka yi ɗawafi a kan layukan da aka zana a ƙasa, aka hana taɓa Ka'aba, aka raba zamzam a robobi, tsakuwar jifa ma an tsabtace ta an ƙulla a jaka. Hukumar alhazai ta Najeriya ta ba maniyyata zaɓi: mai so ya karɓi kuɗinsa, mai so ya bar su zuwa baɗi.

Kafin Babbar Sallah, wadda ta faɗo ranar 31 ga Yuli, an ɗage dokar hana tafiya tsakanin jihohi, jiragen cikin gida sun dawo aiki, aka fita Idi a wurare da dama. Hawa dai bai dawo ba.

Waɗanda suka ɗauki asara

Sallah kasuwa ce. Tela yakan sami kuɗin wata da watanni a goman ƙarshe na azumi. Haka 'yan Kantin Kwari, masu kitso da lalle, masu wankin hula, direbobin haya. Soke Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ya taɓa dukawa da masu ɗinkin kayan doki, makaɗa, maroƙa da masu otal. Dillalan raguna a Mai'adua, Illela da Maigatari sun haɗu da matsala biyu, domin tun Agustan 2019 iyakokin Najeriya na ƙasa suke rufe. Kamfanonin jirgin yawo sun rasa Umarar azumi da Hajji a shekara guda.

Tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 a rubu'i na biyu na 2020. Ga wanda sai ya fita zai ci, kulle na nufin tukunya ba za ta hau wuta ba. Tallafin da aka yi alkawari bai isa hannu da yawa ba, kuma fasa rumbunan ajiyar kayan tallafi a watan Oktoba ya ƙara ƙarfafa zargin da ake yi. Almajirai ma sun sha wahala, domin gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da su jihohinsu cikin motoci a tsakiyar annoba, aka kuma sami masu cutar a cikinsu.

Daga ina fata ya fito

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa damuwa da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar. Wanda aka hana shi jana'izar ɗan'uwa ko zaman makoki ya san nauyin abin.

Akwai fata iri biyu da aka gani. Ɗaya na ruɗi ne: cewa zafin rana yana kashe cutar, ko ba ta kama baƙar fata, ko an samo magani. A Legas an kwantar da mutane a asibiti saboda shan kulorokwin fiye da kima. Irin wannan fata yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma yana sa a yi sakaci.

Ɗayan kuwa ya ginu ne a kan abin da ido ya gani. Gwamnan Kaduna na lokacin Nasir El-Rufai da na Bauchi Bala Mohammed sun kamu, sun faɗa da bakinsu, sun kuma warke, wanda ya nuna cutar gaskiya ce amma ba hukuncin kisa ba ce. Teloli suka koma ɗinka takunkumin atamfa. Ciyarwar azumi ta bar ƙofar masallaci ta koma bi gida-gida. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan shekaru ana aiki tare da sarakuna da malamai a jihohin da suka taɓa ƙin allurar. Umara ta dawo a hankali daga 4 ga Oktoba. Ghana ce ƙasa ta farko da ta karɓi riga-kafi ta shirin COVAX a Fabrairun 2021, Najeriya ta karɓi kusan miliyan 4 ranar 2 ga Maris. Malamai kuma suka riƙa tunatar da maniyyata cewa wanda ya ƙulla niyya uzuri ya tare shi, ladan niyyarsa yana nan.

Abin da ya biyo baya da abin da ake hasashe

Komawa daidai ya ɗauki shekaru. A 2021 mutum 60,000 kawai aka yarda su yi Hajji, duk mazauna Saudiyya. A Babbar Sallar shekarar, gwamnatin tarayya ta sake ba da shawarar dakatar da hawa saboda sabon nau'in cutar. A 2022 aka buɗe ƙofa ga mutum miliyan 1, Najeriya ta sami kujeru kusan 43,000, aka kuma hana wanda ya haura shekara 65. Dattawa da yawa da suka biya tun 2020 sai a 2023 aka cire musu wannan shinge. Kuɗin kujera da yake kusan naira miliyan 1.5 a 2019 ya kai kusan miliyan 2.5 a 2022, don haka wanda ya bar ajiyarsa sai da ya yi ciko. Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya.

Wasu sauye-sauyen sun zauna. Da wuya yanzu a sami babban tafsiri da ba a haska shi kai tsaye a intanet. Rajistar Umara da ziyarar Rauda sun koma ta manhajar waya. Tura goron Sallah ta banki ya zama ruwan dare. Hawan Sallah kuwa ya dawo bayan annobar, UNESCO ma ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024.

A Mayun 2025 ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba ta gaba. Amma hukuncin buɗe filin Idi ko rufe shi a jihohi da masarautu ake yanke shi. Idan wata annoba ta sake haɗuwa da azumi ko Zulhajji, abubuwa uku da suka ba da wahala a 2020 su ne za a sake dubawa: ko gwamnoni, malamai da sarakuna za su fito da matsaya ɗaya kafin ganin wata, ko abinci zai riga dokar kulle isa unguwanni, da kuma ko manya za su bi dokar da suka sa wa talakawa.